Bakaniken Keke a Garin Ƙanƙara

A arewacin ƙasar Finlan, a bakin tekun Botniya, akwai wani gari da ake kira Oulu, mai mutane sama da 200,000. Dusar ƙanƙara kan lulluɓe shi wajen wata 5 a shekara. Sanyi kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, wani jiƙon har 30, kuma a tsakiyar Disamba hasken rana bai kai awa 4 ba. Duk da haka mutanen garin ba sa jingine kekunansu. A makarantar Metsokangas, mai ɗalibai wajen 1,200, kusan 1,000 a keke suke zuwa ko da hunturu ya kankama. Hanyoyin keke da na masu tafiya a ƙafa sun haura kilomita 900, kuma ana share manyansu tun kafin gari ya waye. A nan aka fara taron duniya kan hawan keke a hunturu, a 2013.

Hukumar garin ake yawan yaba wa, kuma ta cancanta. Amma hanya komai kyanta ba ta tafiyar da keken da birkinsa ya daskare. Wannan aikin bakanike ne.

Shekararsa daga Oktoba take farawa, ranar da aka tashi aka ga kwalta tana ƙyalli da ƙanƙara. Kafin azahar shago ya cika, kowa taya mai ƙusa yake nema. Taya ce mai kaurin roba, an dasa mata ƙananan ƙusoshi a jere, kan kowace ƙusa da ɗan ƙarfen tangistan wanda kwalta ba ta saurin cinyewa. Wata tana da ƙusa 100 da 'yan kai, Marathon Winter ta kamfanin Schwalbe ta kai 240, ta hawan daji kuwa ta haura 300. Finlan ma tana da tata, wadda aka daɗe da sani da sunan Nokian. Sa ta a gare sai da dabara. Roba in ta sha sanyi taurinta yawa ne da shi, don haka bakanike kan bar taya da keken su ɗumama a cikin shago tukuna, sannan ya bi gefen tayar da babban yatsa kaɗan-kaɗan har ta faɗa, ƙusoshi na kartar tafin hannunsa. Wanda ya sa guda 30 a yini ɗaya, hannunsa kaɗai ya ishe shi shaida.

Ba ya sallamar mai keke sai ya yi masa bayani. A yi tafiyar wajen kilomita 40 a kan kwalta a hankali, ban da taka birki da ƙarfi, don ƙusoshin su zauna daram. Ranar santsi a rage iska kaɗan, taya ta baje, ƙusa da yawa su kama ƙasa. In kuɗin mutum na taya ɗaya ne, a sa ta a gaba, domin in ta baya ta zame ana iya sa ƙafa a tsaya, in ta gaba ce kuwa sai dai a tsinci kai a ƙasa. Ni a ganina wannan shawara ta ƙarshe ita ke nuna bakanike na gari, don da ya so sai ya dage a sayi biyu.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, sanyin kansa ba ya cutar da keke sosai. Ruwa ne abokin gaba. Ranar da aka yi digiri 15 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara busasshiya ce, a karkaɗe ta da buroshi ta zube, keke ya dawo gida fes. Masifa tana ranakun da sanyi ke kai-komo a bakin sifili: da rana ta narke, da dare ta daskare. Ruwa ya bi wayar birki ya shige cikin rigarta, da safe a matsa birki a ji shi kamar an yi masa walda. Shi ya sa masu sana'ar ke gargaɗi kan shiga da keke ɗaki mai ɗumi na awa ɗaya ko biyu. Ƙanƙarar jikinsa za ta narke, ƙarfe mai sanyi ya yi gumi ciki da waje, a fito da shi bai bushe ba, komai ya sandare. Ko dai a bar shi a rumfa mai sanyi kullum, ko a shiga da shi ya kwana ya bushe sarai.

Akwai cutar da ta fi ba mahaya haushi. Mutum na taka feda, feda na juyawa, keke ko gezau. A cikin firiwil akwai wasu ƙananan harsuna da sifirin ke turawa su kama haƙora. In giris ya yi kauri saboda sanyi, ko ɗigon ruwa ya daskare a wurin, harsunan sai su liƙe. Bakanike zai kwance, ya wanke tsohon giris tas, ya shanya, ya shafa mai ruwa-ruwa wanda sanyi ba ya kamawa. Aikin rabin awa ne, amma sai wanda ya san inda ciwon yake. Saboda irin wannan ne da yawa a Oulu suka fi son keke marar tarkace, mai giya ɗaya da birkin feda, irin Jopo da kamfanin Helkama ya fara ƙerawa a 1965. Waya kaɗan, daskarewa kaɗan.

Sai sarƙa. A Oulu ba a cika zuba gishiri a hanya ba, ana danne ƙanƙarar ne ta yi tauri a bi ta kanta. A Helsinki kuwa akwai hanyoyin keke da ake sharewa da buroshi a yayyafa ruwan gishiri, kuma gishiri na iya mayar da sarƙa ja da tsatsa a kwana biyu. Maganin ba tsada: bokitin ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu, buroshi, tsumma. Ban da injin feshi mai ƙarfi, don yana tura ruwa cikin boris ya koro giris. A goge sarƙa ta bushe, a ɗiga mai a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a share na waje duka. Mai gyaran keke a Kano ko Zinder ya san dalili, don ya ga abin da ƙurar hunturu ke yi in ta haɗu da baƙin mai: ta zama dutsen wasa, ta cinye sarƙa da haƙoran giya tare. Bakanike na da ɗan ma'auni da yake tsoma wa tsakanin gaɓoɓi. In miƙewar ta kai 0.75 cikin 100, a sauya sarƙa kafin ta lalata abin da ya fi ta tsada.

Keke mai batir ya ƙaro wani karatun. Batir na saurin ƙarewa a sanyi, kuma ba a yi masa caji yana ƙasa da sifili, sai an shiga da shi ɗaki ya ɗumama. Fitila ma ba ado ba ce: tun Yunin 2020 doka ta wajabta jar fitila a baya in duhu ya yi, ban da farar ta gaba.

Kuɗi fa? Taya mai ƙusa ɗaya tana kamawa daga wajen yuro 50 zuwa 100, kuma in an kula da ita takan yi hunturu da dama. Duba keke gaba ɗaya ma kusan haka ne, ban da kuɗin kayan da aka sauya. A ido kamar da tsoka, amma a ciki akwai harajin saye na 25.5 cikin 100, ga haya, ga kuɗin ɗumama shago wata da watanni. Ga kuma ciniki mai zuwa guguwa-guguwa. Bayan turmutsutsun kaka sai Janairu da Fabrairu su yi tsit, har wasu shaguna su koma wasa takalman zamiya a ƙanƙara da gyaran katakon sulu, wasu su yi rangwame don a kawo keke tun ba layi. Aikin kansa a jiƙe ake yin sa: keke na rataye, ƙanƙara na narkewa tana ɗiga da laka, hannu na faso saboda sabulu da sanyi.

In Afrilu ta zo ƙanƙara ta narke, sai tsakuwar da aka watsa don hana santsi ta fito fili. Fasasshen dutse ne mai kaifi, yana huda taya kamar ƙaya. Lokacin ne masu faci, da masu cire taya mai ƙusa, da waɗanda kekunansu suka yi hunturu a ajiye duk suke haɗuwa a ƙofa ɗaya, kuma wanda bai kama layi da wuri ba yakan jira makonni kafin a taɓa kekensa.