Randa Mai Naso da Tangaran da Haske Ke Ratsawa

Mai sayen randa a kasuwar Tawa ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta amsa garau, wuta ta ratsa ta. In amon ya dushe, a bar wa mai ita kayanta. Amma duk daɗin amo, ba mai son randar da ba ta naso. A bazarar Adar, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, zufar da ke tsattsafowa a jikin randa iska na busar da ita, ita ke sanyaya ruwan ciki. Zufar tana bi ne ta ƙananan ƙofofi a jikin yumɓun, waɗanda ido ba ya gani. Maginiya ta cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi ko dakakken tsingaro, ta toya da kara da kashin shanu, wutar da da ƙyar take kai digiri 900, sai ƙofofin su zauna.

Masu yin tangaran na zirkoniya sana'arsu ɗaya da maginiya, sai dai abin da take tattali shi suke yaƙa. Zirkoniya farin gari ne da ake tacewa daga yashin zirkon, wanda ake haƙa a Ostireliya da Afirka ta Kudu, da gaɓar tekun Senegal tun 2014. Ba ya narkewa sai wajen digiri 2,700, don haka ba narka shi ake ba. Ana danne garin a cikin mazubi, a gasa shi a kimanin digiri 1,400 zuwa 1,500, kwatankwacin zafin murhun siminti irin na Malbaza. Ƙwayoyin su manne da juna, iskar tsakaninsu ta fice, abin ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Maginiya ma ta san tukunya ba ta fitowa daga wuta da girman da aka gina ta.

Ƙofofin nan su ne ke hana a ga abu ta cikin tangaran. Haske in ya tarar da gurbin iska sai ya karkace, ya tarar da wani ya sake karkacewa, har ya watse, abin ya fito fari fat kamar alli. Kafin ya yi garau sai gurbin da ya rage ya gaza kashi 1 cikin 10,000.

A nan wahalar take, domin ƙara wuta ba ya magani. In aka matsa, ƙwayoyin kan yi saurin girma su haɗiye gurbin a cikinsu, shi ke nan ba mafita. Robert Coble na kamfanin General Electric a Amurka ya gano dabarar a ƙarshen shekarun 1950, da garin alumina: ɗan magnesiya kaɗan na rage wa ƙwayoyin gaggawa har iska ta samu hanya. Da tangaran ɗinsa ake yin bututun fitilun titi masu hasken ruwan goro. A zirkoniya kuwa, akan gasa shi har ƙofofin waje su rufe, sannan a mai da shi murhun da iskar argon ke matse shi ta kowace kusurwa, da ƙarfin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau dubu.

Ko bayan haka da sauran magana. Sai an zuba wa garin zirkoniya sinadari irin su itiriya, in ba haka ba tsagewa yake in ya huce. Da itiriya kashi 3 cikin ɗari yana da irin taurin da ya sa masana na Ostireliya suka kwatanta zirkoniya da ƙarfe a 1975, amma haske da ƙyar yake wucewa. Da kashi 8 yakan yi garau, taurin kuma ya ja baya sosai. Likitocin haƙori sun san cinikin nan: turmi mai tauna ƙashi akan yi masa murfin zirkoniya mai itiriya kaɗan, haƙorin gaba kuwa, wanda ake gani in an yi murmushi, a ba shi mai wajen kashi 5.