Auren jinsi ɗaya a Amurka: Abin da ya kamata ku sani

A ranar 26 ga Yunin 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Obergefell, inda ta wajabta wa dukan jihohin ƙasar 50 su riƙa ɗaura auren jinsi ɗaya. Alƙalai 5 ne suka amince, 4 suka ƙi. Wato ƙuri'ar mutum ɗaya ce ta raba gardama a kan maganar da ta shafi miliyoyin jama'a, shi ya sa har yau ƙurar ba ta lafa ba.

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci aure ba ko sau ɗaya. Masu rinjaye, ƙarƙashin Mai shari'a Anthony Kennedy, sun dogara ne da gyara na 14 na shekarar 1868, wanda ya hana jiha tauye 'yancin mutum ko nuna masa bambanci a gaban doka. Alƙalin alƙalai John Roberts ya ƙi, yana ganin cewa wannan magana ta masu zaɓe ce da majalisunsu. A ganina hujjarsa tana da nauyi, domin abin da aka ɗora wa jama'a daga kotu yakan daɗe ana jayayya a kansa.

To, ina matsayin wanda addininsa bai yarda ba? Nan ne gizo ke saƙa. Limami ko fasto ba a tilasta masa ɗaura auren da ya saɓa wa aƙidarsa, gyara na 1 ya kare shi. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba shi da wannan kariya a bakin aikinsa. Kim Davis, magatakardar wata gunduma a jihar Kentucky, ta ƙi ba da takardar aure a 2015 saboda imaninta na Kirista, alƙali ya tsare ta kwana 5 bisa laifin raina kotu. Ta bi maganar har Kotun Ƙoli tana neman a soke hukuncin 2015 baki ɗaya, amma a Nuwamban 2025 kotun ta ƙi sauraron ta.

Ɗan kasuwa yana tsakiya. Jack Phillips, mai yin kek a jihar Colorado, ya ƙi yin kek ɗin bikin wasu maza biyu. A 2018 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, sai dai dalilinta shi ne wata hukumar jihar ta wulaƙanta addininsa wajen bincike. Ba ta ce kowane mai shago yana iya korar wanda ya ga dama ba.

Lokacin da kotun ta soke haƙƙin zubar da ciki a 2022, Mai shari'a Clarence Thomas ya nuna cewa ya kamata a sake duba hukuncin auren ma. Wannan ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da shugaban ƙasa na lokacin, Joe Biden, ya sa wa hannu a Disambar shekarar, wadda ta wajabta wa kowace jiha amincewa da auren da aka ɗaura a wata jihar.

Duk wannan bai hau kan Najeriya ba. Dokar da shugaban Najeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi irin wannan aure, da shekara 10 ga masu shaida ko taimakawa. Mafi yawan jama'armu, Musulmi da Kirista, ba su yarda da shi ba, dokar ƙasa kuma tana tare da su. Amma hukunci aikin kotu ne, bayan an kawo shaida. Don Allah, idan kun ji ana zargin wani, kada ku shiga taron duka a kan jita-jita.