Amsoshin Tambayoyinku: Agogon Man Babur Ya Daina Aiki

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa allurar da ke nuna yawan mai a babur ɗinsa roba-roba ta kafe wuri guda, har sau biyu mai yana ƙare masa a hanyar kasuwa da buhu a baya. Yana tambaya, shin sabon agogo zai saya?

To malam, kada ka yi saurin fid da kuɗi. Sau da yawa agogon lafiyarsa ƙalau, cutar tana wani wuri dabam.

Ga yadda abin yake aiki. A cikin tanki akwai wata 'yar roba mai iyo a kan fetur, an ɗaure ta da ƙarfe siriri. In mai ya cika sai ta hau sama, in ya ragu ta sauka. Wannan hawa da sauka shi ke rage ko ƙara wutar da ke bi ta waya zuwa allura. Ke nan wuri uku ne abin zargi: robar, waya, sannan agogon kansa.

Fara da mai sauƙi. Murɗa makulli, ka danna oda. In ita ma shiru, duba fis da kan batir. In wuta tana nan, ɗaga kujera ka nemo soket ɗin wayar da ta fito daga tanki. Ƙura, ruwan damina da girgizar hanya sukan sa ya yi tsatsa ko ya saki. Goge shi, ka mayar da kyau.

In bai tashi ba, zare soket ɗin, ka haɗa bakin wayoyi biyun da suka nufi agogo, na ɗan lokaci kaɗan. A yawancin baburan nan allura za ta tashi zuwa F, wato cike. In ta tashi, agogo da waya ba su da laifi, matsalar tana cikin tanki: ko robar ta huje ta sha mai ta nutse, ko dattin gurɓataccen fetur ya riƙe ƙarfen. Nan sai bakanike ya ciro ya wanke ko ya canza. In kuwa allura ba ta motsa ba, a bi waya a ga ko ta tsinke, kafin a taɓa agogo.

Gargaɗi, jama'a: kada a leƙa tanki da ashana ko aci-balbal, kada a sha taba kusa. Tururin fetur ya fi fetur saurin kamawa. A yi amfani da tocila.

Kafin ka gyara, cika tanki ka lura da tafiyar da yake kai ka, ka riƙa ƙara mai tun da sauran rabi. Rigakafi ya fi magani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.