Kafin a Sake wa Agogon Alhaji Fuska

Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko tun zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Noman rani ya sa kuɗi a hannun mutanen da a da sai damina suke jira. Alkama da tumatir da shinkafa suka kai manoma da yawa Makka, kuma cikin tsarabar da alhazan wancan lokaci suka riƙa dawowa da ita daga shagunan Makka da Jidda har da agogon hannu: Seiko 5, Rado, Citizen, Orient. Yau da dama daga cikin masu agogunan sun kwanta dama. Sai ranar rabon gado ake zaro agogon daga ƙasan adaka, fuskarsa ta dafe, gilashinsa duk karce. Abin da magada suka fi yi shi ne su miƙa wa mai gyara su ce ya mayar da shi sabo. Wannan ne abin da ke damuna, domin a nan ake kashe darajarsa.

A wurin masu neman tsofaffin agoguna, fuska ce kan gaba wajen yanka farashi. Inji ana gyara shi, gilashi da maɗauri ana sauya su, amma fentin da masana'anta ta yi, in aka kankare shi ya tafi ke nan. Rolex ɗin ɗan wasan fim na Amurka, Paul Newman, da aka yi gwanjonsa a 2017 kan sama da dala miliyan 17, samfurinsa da irin fuskarsa ya yi suna. Namu ba su kama ƙafar wannan ba, amma ma'aunin ɗaya ne.

Seiko ya fi sauƙin bincike, don kamfanin da kansa ya bar shaida. A ɗauki madubin da mai gyara ke maƙalawa a ido, a duba can ƙasan fuskar, kusa da ƙarfe shida. Akwai rubutu ƙanana ƙwarai da ke ɗauke da lambar inji, kamar 6119 ko 6309 ko 7009. A juya murfin baya: lambobi huɗu na farko a lambar samfurin su ma na injin ne. A sa mai gyara ya buɗe, a ga abin da aka zana a jikin injin. Wuraren nan uku dole bakinsu ya zo ɗaya. In fuska ta ce 6309 inji ya ce 7009, haɗe-haɗe ne. Akwai kuma lambar jeri a murfin: ta farko lambar ƙarshe ce ta shekarar ƙira, ta biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba da Nuwamba da Disamba. Waɗanda aka yi don kasuwar Larabawa sukan nuna ranar mako da Larabci da Turanci, abin da ya dace da agogon da ya zo daga aikin hajji.

Sai ingancin rubutun kansa. Na masana'anta siriri ne, gefensa a tsaye, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na sake-fenti yakan yi kauri, haruffa su ɗan malale, 'yan layukan minti su kauce wa alamomin awa. Wani lokaci za ka ga fentin ya hau gefen alamomin ƙarfe ko bakin tagar kwanan wata, don an shafa shi ba tare da an cire su ba. Kasuwar duniya cike take da irin waɗannan daga Indiya, musamman Mumbai, inda ake tattara gajiyayyun Seiko da Citizen da HMT da Oris a yi musu fuska ja ko kore shar, launin da kamfanin bai taɓa yi wa samfurin ba. Agogon da ya shekara 45 yana shan ƙurar hunturu da zufar manomi, murfinsa ya side amma fuskarsa fes, kamar tsohuwar riga ce da sabon aiki a wuya: wani ya sa hannu.

Agogunan Suwizalan kuwa suna da wata shaidar. In an rubuta T SWISS MADE T a ƙasa, to abin da ke haskawa a duhu sinadarin tiritiyom ne, wanda aka yi amfani da shi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, saboda haka na zamanin alhazan nan ya kusa mutuwa, launinsa ya koma ruwan madara ko ruwan ƙasa. In ka shiga ɗaki da shi ka ga yana ta walƙiya tsawon dare, an sake masa. A kuma gwada launin da ke kan hannuwan agogon da na ɗigon awa. Tare suka tsufa, ya kamata su yi kusan kama. Rado mai tafiya da motsin hannu yana da 'yar ƙugiyar jirgin ruwa a fuska wadda ke juyawa in ka karkata agogon. Ta jabu sau da yawa zane ce kawai. Sai dai a lura, ta gangariya ma takan cije in mai ya bushe, don haka wannan kaɗai ba ya yanke hukunci.

Ban ce agogon da aka sake wa fuska ba shi da amfani ba. Zai gaya maka lokacin azahar kamar kowane. Laifin yana wajen mai sayarwa da ya san an sake ya yi shiru, ya karɓi kuɗin na asali. Wannan algus ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Shi kuwa magajin da agogon mahaifinsa ya faɗo a rabonsa, ya gaya wa mai gyara dalla-dalla: a wanke inji a sa masa mai, a sauya robar da ke tare ruwa, a sauya gilashi in ya tsage, amma fuska da hannuwa kada a goga musu ko da auduga mai laima. Duk abin da aka cire kuma a naɗe masa a takarda ya koma gida da shi.