Kiwon kunkuru a gida: ɗumi da danshin da yake buƙata

Idan kana da kunkuru a gidanka, a Lakwaya ko wani ƙauye na Gwarzo da Kabo, wataƙila an ce maka ba ya buƙatar komai, ka sake shi a tsakar gida kawai. Wannan maganar tana kashe kunkuru a hankali, musamman ƙanana.

Wane irin kunkuru ne?

Babban kunkurun ƙasarmu, mai launin ƙasa da kaifafan ƙayoyi a cinya, ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal har Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, yana kuma iya wuce shekara 50. Akwai kuma wani iri ƙarami da bayan ƙoƙonsa ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafu. Irinsa da aka kawo daga dajin kudu ya fi buƙatar danshi sosai.

Ba dabbar fari ba ce? Me zai yi da danshi?

Nan ne mutane suke ruɗewa. Danshi shi ne laimar ruwa da ke cikin iska ko ƙasa. A daji kunkurun Sahel ba ya wuni a fili. Yakan haƙa rami mai zurfi, wani lokaci mita da yawa, ya shige ciki, ya fito kiwo da sassafe da yamma. A cikin ramin akwai laima ko da bazara ta kai digiri 40 a waje, kuma akwai ɗumi ko da dare ya yi sanyi.

To ka ɗauke shi ka aje a kan siminti, iskar hunturu na kaɗa shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Jikinsa zai bushe, idanunsa su faɗa. Ƙaramin da ya taso a haka ƙoƙon bayansa yakan fito da tudu-tudu maimakon ya yi sumul, kuma wanda ya fito ba ya komawa.

Sanyi fa?

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa, daga rana yake samu. In ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. A Disamba da Janairu daren ƙasar Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, ƙaramin kunkuru kuwa ya fi son kada ɗumin ya gaza 20. Mafi muni shi ne sanyi ya haɗu da jiƙa: daga nan ciwon numfashi yake kama shi. In ka ga majina ko kumfa a hancinsa, ko yana buɗe baki don numfashi, kai shi wurin likitan dabbobi.

Yaya za ka shirya masa wuri?

Ka ware masa kusurwa mai ƙasa, wadda hantsi ke samu kuma akwai inuwa da rana tsaka. Ka gina masa akurkin laka mai ƙaramar ƙofa da ba ta fuskantar arewa maso gabas, inda hunturu ke busowa. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ciki da safe, ya jiƙa kaɗan, kada ya zama taɓo. Da daren sanyi ka zuba busasshiyar ciyawa ka rufe ƙofar da buhu, ƙarami kuwa ka shigar da shi ɗaki cikin kwali. Kada ka sa garwashi a akurkin, hayaƙinsa na kisa.

Ka aje masa ruwa a faffaɗan kasko marar zurfi, domin bai iya iyo ba. Ƙarami ka riƙa zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai wuce haɓarsa ba, kamar minti 15, sau da yawa a mako. Da damina ka tabbatar ruwa ba ya kwarara cikin raminsa.

Nawa za ka kashe?

Kusan ba komai: laka, ciyawa, kasko, sai ƙaramin ma'aunin zafi in ka samu. Abin da zai ci maka shi ne kulawa, da fili, don babba kan haƙa ƙarƙashin katanga. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, kashinsa na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa.

Babban kunkurun Sahel yana ƙarewa a daji, yana ma cikin jerin dabbobin da ake fargabar ɓacewarsu. Don Allah kada ka sayi wanda aka kamo, na hannunka kuma ka gyara masa makwanci kafin hunturu ya shigo.