Yadda Ake Ɗora Ƙafar Amalanke Ko Ta Mota Ba A Ji Wa Baya Ciwo Ba

Jama'a manoma, yau maganarmu a kan ƙafar amalanke ce da ta mota, da kuma bayan mai ɗora ta.

Tun da aka buɗe gandun noman rani na Jiratawa a shekarar 1982, ƙarƙashin kulawar ONAHA, amalanke bai huta ba. Shi ke kai taki gona. Shi ke fito da zogale da sauran kayan lambu bakin hanya, mota ta kwasa zuwa Maraɗi ko Tibiri. Yawancin amalanken nan kuwa ƙafar mota gare su. Ƙayar aduwa ba ta san amalanke da mota ba, duka hudawa take yi. Saboda haka duk mai amalanke wata rana zai cire ƙafa ya kai wa mai faci, ya dawo ya mayar da ita.

Cirewa ba ta da wuya. Wajen mayarwa ne mutane ke jin ciwo. Ƙafar ƙaramar mota da ƙarfenta takan kai kilo 15 zuwa 20. Ta a-kori-kura takan kai kilo 30. Wani zai ce, ai buhun taki kilo 50 ne, kullum muna ɗauka. Gaskiya ne. Amma buhu a jikinka kake manna shi. Ita ƙafa kuwa, sai ka duƙa, ka miƙa hannu nesa da ciki, ka riƙe ta a sama kana laluben ramukan kusoshi. Ga nauyi, ga duƙawa, ga murɗa jiki.

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, wani bisa wani, kuma tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai taushi kamar gammo. In kaya ya yi nesa da jiki, nauyinsa ninkuwa yake yi a kan gammon nan na ƙugu. Ku gwada da guga cike da ruwa: ku riƙe shi kusa da cinya, sa'an nan ku miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma za ku ji bambanci. In gammon ya matsu ya turo, sai ya danne jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa. Manomin da wannan ya samu lokacin dashe, aikin shekara ya tsaya.

Dabarar ita ce, kada ka ɗaga ƙafa zuwa mazauninta. Ka sauko da mazaunin zuwa wurin ƙafar. Mazauni shi ne faifan ƙarfen nan mai kusoshi huɗu, biyar ko shida, inda ake ɗaure ta.

Da fari a kwance shanu ko jaki, a sauke kaya. Kada a ce ai ɗan lokaci ne. Sa guda ya motsa, amalanke ya zame. A tokare ɗaya ƙafar da dutse ko itace, gaba da baya. In mota ce, a ja birkin hannu, a sa giya. A sassauta noti tun ƙafa tana ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, jak nutsewa yake yi, don haka a shimfiɗa masa katako mai kauri. In an ɗaga, a ƙara gungumen icce ƙarƙashin sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafu. Jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne, kada kowa ya zura ƙafa ko kai ƙarƙashi.

To, ga ƙafa ta dawo daga wurin faci. Mirgino ta, kada ka saɓa. Jingine ta tsaye dab da mazauni. Yanzu ka ɗaga jak ko ka sauke shi kaɗan kaɗan, har kusoshi su yi daidai da ramuka, saura kamar faɗin yatsa ɗaya. Amalanke ba shi da birki, mazauninsa juyawa yake yi da hannu, sai ka juya shi kusa ɗaya ta zo sama, rami ɗaya ma ya zo sama. In ƙafar baya ce ta mota, birki ya riƙe mazaunin, to ƙafar za ka juya kafin ka jingine ta.

Wannan faɗin yatsan da ya rage, ba da baya ake cike shi ba. Zura bakin shebur, ko ƙarfen cire taya, ko taɓarya ƙarƙashin tayar. Sa ɗan dutse ƙarƙashin sandar, kusa da tayar. Ka durƙusa a kan gwiwa ɗaya, baya a miƙe, ka danna ƙarshen sandar da hannu ɗaya, ɗaya hannun na tura ƙafar ciki. Aikin jigo ne: doguwar sanda, matokari kusa da kaya, ƙarfi kaɗan. In kusa ta sama ta shiga, sa mata noti nan da nan, sauran za su bi.

Wanda ba shi da jak, rairayin nan da ke nutsar da jak shi zai taimake shi. A tokare sandar ƙarfen da gungume, a tone ƙasa ƙarƙashin ƙafar har ta saki. Wajen mayarwa a ƙara tonawa, domin taya mai iska ta fi fasasshiya tsawo. Ƙafar babbar mota kuwa, wadda takan haura kilo 80, ba aikin mutum ɗaya ba ce ko da dabara.

In ciwon baya ya sauka ƙafa, ko ƙafa ta mutu, kada a tsaya ga tausa, a je likita. In fitsari ya ƙi fita ko ya kubce, a tafi ranar nan.

Noti kuma ba a ɗaure su bi da bi. Ka ɗaure ɗaya, ka tsallaka ga na daura da shi, har su ƙare. In ƙafa ta taka ƙasa, ka ƙara matse su da sufana. Bayan an yi sawu ɗaya ko biyu, ka sake dubawa.