Irin da ba ya jure bushewa

Kowane manomi ya san gero ko wake, in ya bushe sarai, yana iya shekara a rumbu. Kan wannan sani aka gina rumbunan iri na zamani. A Millennium Seed Bank da ke Wakehurst a Ingila, wanda aka buɗe a 2000, ana busar da ƙwaya, a toshe ta a kwalba, a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Tsirrai kusan kala 40,000 ke can. Shi kuwa rumbun Svalbard na Norway ya riga ya yi rana: da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da ma'ajiyarta ta Aleppo, a 2015 ta ɗebo ajiyarta daga Svalbard, ta sake shukawa a Lebanon da Maroko.

Sai dai ba kowane iri ke yarda da haka ba. Goro, kaɗe, koko da mangwaro, da zarar ƙwayarsu ta bushe ta mutu. In kuma aka sa ta a sanyi da ruwanta, ruwan ya zama ƙanƙara ya farfasa ta daga ciki. Wani binciken masanan lambun tsirrai na Kew a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 36 cikin 100 na tsirran da ke dab da ƙarewa haka irinsu yake.

Nan ne aikin ya koma na haƙuri. Ana ciro ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya, ko a yanko kan toho wanda bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a jiƙa shi da sinadarin da ke janye ruwa, sannan a tsoma cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Sanyin na kama shi farat ɗaya, ƙanƙara ba ta samun sukunin fitowa. Rai na nan, girma ya tsaya cik, sai ranar da aka narkar da shi aka raine shi ya yi saiwa. Haka ake adana ayaba a Leuven ta Beljiyam, da dankalin Turawa a Lima ta Peru.

Aikin na da tsada, kuma kusan kowane tsiro sai an gano dabarar da ta dace da shi. Kafin a kai ga haka, kaɗanyar da ke tsaye a gona ita ce ma'ajiyar irinta, don haka a daina sare ta don gawayi.